Rasuwar Kunamun Lagrange a Hannun Mamaci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda dama likita ya ce a daina ɗora mata kaya, ni Lottie Grabowski ta titin Lagrange a Toledo, tsohuwar malamar kimiyya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da kuma Norbert, rasuwar ƙungiyata ta intanet ta besbol, wasan nan na jefa ƙwallo a buga da sanda, Kunamun Lagrange. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin ƙarshe ta Satumba da yamma, a kan teburin kicin ɗina, bayan doguwar jinya. Ta cika tana ta goma cikin goma a Gasar Tsofaffin Malamai.

An haifi marigayiya a watan Maris, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Norbert Zielinski, kwamishinan gasarmu, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana busa wa yara usur a filin makaranta, ya kuma ɗauka wannan ma wani fanni ne na ilimi. A can muke taruwa duk shekara, kowa ya tsinci 'yan wasansa daga manyan ƙungiyoyin ƙasar nan, abin da suka yi a fili ya zama makinsa a kwamfuta. Marigayiya ba ta taɓa taka ciyawa ba. Babu ko ɗaya cikin 'yan wasanta da ya san ina duniya. Duk da haka na san halin da gwiwar kowannensu take ciki fiye da yadda na san ajin da jikokina suke.

Wanda ya san ta zai yi mata shaidar kunya. Ba ta taɓa cin wani ci mai tozartarwa ba. Mai kyauta ce kuma, duk wanda ya zo mata da yunwar nasara ba ya komawa hannu rabbana. Ba ta da yawan magana. Abin da zan fi tunawa da ita shi ne ɗan “ƙilin” ɗin nan da wayata ke yi in wani ɗan wasa ya ji rauni. A Afrilu jefi-jefi nake jin sa. Zuwa Agusta ya zama kamar ƙararrawar coci, ƙilin, ƙilin, wannan kafaɗa, wancan gwiwar hannu, wani kuma ya yi atishawa bayansa ya riƙe.

Kowa ya san dokar gasarmu, amma zan maimaita saboda limamin cocinmu da ya ce zai zo: wanda ya zo na ƙarshe zai zauna a gidan fanke na titin Alexis wuni da kwana, duk fanken da ya cinye a rage masa awa guda. Tunda aka kafa gasar nan ban taɓa zama a kan wannan kujera ba, kuma na yi niyyar a kai ni makwancina ban san launinta ba.

Har tsakiyar shekara hankalina kwance yake, domin akwai ƙungiya a ƙasana. Mai wannan ƙungiya ta Guduma Biyu, Casimir Rybak, malamin tarihi da muke kira Cas, ya riga mu gidan gaskiya a watan Yuni, Allah ya jiƙansa. Wannan mutuwa ce ta gaske, da akwati da furanni. Bayan an dawo daga maƙabarta muka yi shawara a bar ƙungiyarsa yadda ya bar ta, kada kowa ya taɓa, don girmamawa. Daga ranar ba a sauya ko mutum ɗaya a cikinta ba. Ɗaya daga masu jefa masa ƙwallo an yi masa tiyata. Wani an mayar da shi ƙaramar ƙungiya a wani ƙauye. Wani ma ya bar wasa gaba ɗaya, na ji yana sayar da motoci a Tampa, amma kullum sunansa na nan a sahun Cas, yana kawo sifili cikin aminci.

Masana suna cewa sirrin wannan wasa kulawa ce: ka tashi da sassafe, ka duba wanda ke da lafiya, ka duba iska, ka sauya wannan ka ɗauko wancan. Na yi haka kullum, da tabarau biyu. Cas yana kwance a maƙabarta bai duba komai ba, sai ga Guduma Biyu tana hawowa a hankali, mako bayan mako, har ta zo ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni. Jadawalin makon ƙarshe kuma ya haɗa mu. Wanda ya faɗi, shi ne na goma. Ina roƙon masana, in sun samu sarari, su zo su yi mini bayani.

Ciwon ajali ya kama ta ne ranar Lahadin da safe. Ina gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai Norbert ya bugo waya.

“Lottie, kin ga wanda zai jefa wa Tavo ƙwallo yau? Bahago ne.”

Tavo Belisario shi ne mai bugun ƙwallon da na fi so, gajere mai tumbi, wanda ke gudu kamar an aike shi inda ba ya son zuwa.

Na ce, “To, bahago dodo ne?”

“Kwamfuta ta ce Tavo ba ya ganin ƙwallon bahago. Ajiye shi a benci, tsohuwa, kada gawa ta ba ki kunya.”

“Kwamfutar sau nawa ta gan shi da bahago? Ka san da ɗalibina ne ya kawo mini ɗan wannan gwaji ya kira shi hujja, da jan biro zan sallame shi.”

“Jan bironki ne ya kai ki ta tara. Ni dai na faɗa. Kin fi son fanke mai madarar shanu ko mai ayaba?”

Na kashe wayar. Na sha shayi. Na je coci na dawo. Sannan, a karo na farko a rayuwata, na bi maganar malamin usur da na'ura, na sa Tavo a benci, na ɗauko wani dogon yaro da masana ke yabo, mai suna Hollis Crane.

Hollis Crane ya fito sau huɗu, ya kaɗa sanda ya bugi iska, ya koma ya zauna da tsabtataccen wando. Tavo kuwa, a wannan yammacin, sau uku yana tsallakar da ƙwallo bayan katanga. Ina kallonsa a talabijin yana zagaya fili da tumbinsa, jama'a na ihu, makin yana zubewa a bencina inda ba a lissafi. A ɓangaren Cas, wani mai cafe ƙwallo da bai yi abin kirki ba tun bazara, wanda duk mai rai da ya kore shi tuntuni, ya taɓa ƙwallo da sanda ta gangara tsakanin ƙafafun wani. Da wannan ɗan makin Cas ya wuce ni, aka gama. Wayar ta ce ƙilin sau ɗaya, ta yi shiru.

Marigayiya ta bar 'yan wasa ashirin da wani abu, waɗanda ba su ji labari ba kuma suna cikin ƙoshin lafiya, sai dai waɗanda dama ba su da ita. Ta bar Tavo, wanda na yafe wa ko da yake bai yi laifi ba. Ta bar Hollis Crane, wanda nake yi wa addu'ar samun wata sana'a. Ta bar ni.

Washegari Norbert ya zo har gida da hularsa a hannu, abin da bai yi ba ko a jana'izar Cas.

“Mun tattauna, Lottie. Da shekarunki, ga sukari, ga zuciya. Kowa ya yarda a ɗage miki. A rubuta Cas ne na ƙarshe, ai shi ba zai ji komai ba.”

Kafin in buɗe baki, matar marigayi Cas, mai suna Wanda, wadda ta kawo mini miyar ta'aziyya, ta ajiye cokali.

“Kai Norbert, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan tunda na aure shi bai taɓa cin wasan da ya sa hannu a ciki ba. Yanzu da ya samu ya ci ɗaya, shi ne za ka ƙwace?”

“Haba Wanda, taimakon ƙawarki nake yi.”

“Ƙawata tana da haƙora. Na kanti ne, amma suna aiki.”

Na ce masa ya mayar da hularsa, kansa na ɗaukar ido. Ta tara ta Cas ce, ya same ta da guminsa, ko da rashinsa. Ba a gidana za a ƙwace wa mamaci matsayi ba.

Saboda haka za a yi jana'izar Kunamun Lagrange ranar Asabar mai zuwa a gidan fanke na titin Alexis, tebur na kusa da taga, daga safe har zuwa lokacin da Allah da cikina suka nufa. Likitana ya ce fanke uku. Ni na ce takwas. Za a ga wanda ya fi sanin kimiyya. Ba a buƙatar furanni. Mai son taimakawa ya zo da matashin kujera. Kwamishina zai tsaya shaida, amma an hana shi zuwa da usur, kuma an hana shi ba da shawara.

Roƙo ɗaya iyalan marigayiya ke yi. Sau uku Cas yana zama a wannan tebur, kuma duk ukun na je da kujerata mai naɗewa na zauna gabansa, ina tsokanarsa har sai da ya ƙware da dariya. Kullum yakan ce, “Ranarki na zuwa, malama, kuma ni zan fara isa.” Ranar ta zo, shi ne ma ya kawo ta, amma ba zai samu halarta ba. Don haka kada wanda ya zo mini da fuskar tausayi. Ku zo da baƙar magana, mai zafi, wadda aka yi tunani kafin a faɗa. Na san ba za ku kai shi ba. Ku dai gwada.