Katanga a Tsakiyar Kwata

Yau da safe ina sauko da ƙafa daga gado sai na ji tsundum. Takalmina ɗaya yana yawo a kan ruwa a bakin ƙofa, ɗayan kuwa har yanzu ban ji ɗuriyarsa ba. Uwargida tana tsaye a kan kujera, rungume da ɗan abin da ya rage mana na hatsi. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba.

Bari ku ji mafarin abin. Layinmu da layin baya kwata ɗaya muke da ita, kuma mun daɗe muna rigima a kanta. Mu mu ce shararsu ce ke toshe ta, su su ce tamu ce. Ni da telan layin baya har gaisuwa mun daina.

Sai Allah ya jefo mana Masu Girma 'yan kwamitin sulhu, da jiniya da komai. Su ne bara suka sasanta direbobin tasha. Katanga suka gina a tsakiyar filin, kowa ya ja motarsa gefe, aka huta. Shugabansu, Allah ya ƙara masa basira, ya ce tunda maganin ya yi aiki a can, a nan ma zai yi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to ruwan ta ina zai bi?"

Ya ce, "Malam, batun ruwa na wani kwamitin ne. Mu sulhu muka zo yi."

Aka gina katanga a tsakiyar kwata, aka shafa mata fenti, aka yanka zare, aka ɗauki hoto. Ruwan sama, da yake ba a gayyace shi taron ba, ya zo ya raba kansa biyu, rabi ɗakunanmu, rabi nasu. Adalci dai an yi shi.

Ina cikin kwalfar ruwa sai ga tela da guduma a kafaɗa, wando a nannaɗe.

Ya ce, "Maƙwabci, ina kwana? Keken ɗinkina ya sha ruwa, kayan mutane sun jiƙe. Kana da diga?"

Na ce, "Akwai. Mu je."

Kafin hantsi layi biyu sun haɗu a kan katangar nan, ana fasawa ana raha. Don haka a jinjina wa Masu Girma, sun haɗa kanmu.

Sai dai na ji an ce yanzu ma'aurata za su koma sasantawa. Na roƙi uwargida ta riƙa yi mini faɗa a hankali, gadon namu ɗaya ne.