Yadda Ake Sauke Haidurojin Ba Tare da Tsintsiya Ba

Kai sabon direban tanka, matso nan. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, sati guda ya isa kowa a wurin sauke kaya ya san da zamanka. Ni shaida ne, har yau zancena ake yi.

1. Raina kayan

An ce maka ruwan haidurojin ka ɗauko, mai sanyin da ƙanƙara ma sai ta nemi bargo. Ba launi, ba wari. To, abin da ido bai gani ba, hanci bai ji ba, me zai yi maka? Kai da ka shekara goma kana jan fetur! Ka riƙa faɗin haka da ƙarfi, musamman inda ba a tambaye ka ba.

2. Laƙaba wa jami'in kiyaye haɗari suna

Namu Kar-Ka-Taɓa muke ce masa. Ɗan siriri ne, ko bayan gida da hular kwano yake shiga. Zai ce, "Direba, kashe mota, sa waigi a taya, maƙala wayar ƙasa kafin ka jona tiyo." Ka ce, "An gama, ranka ya daɗe," ka ci gaba da latsa wayarka. Waya ai waya ce.

3. Safar hannu ta masu laushin fata ce

Bar ta a ƙarƙashin kujera. In tiyo ya yi fari fat yana ɗiga a kan kwalta, za su ce iskar gari ce sanyi ya mayar ruwa, tana iya ingiza wuta. Ka yi dariya. Masu iya magana ba su ce komai a kan wannan ba, saboda haka babu shi.

4. Tsintsiya: nan ne mutuncinka yake

Wutar haidurojin ba ta ganuwa da rana. Shi ya sa, ban da na'urarsa ta gano wuta, Kar-Ka-Taɓa ya jingine tsintsiya mai dogon mariƙi a bango. In an ji bawul yana huci, a ja baya. In ya zama dole a ratsa wurin, a miƙa ta gaba ana tafiya; in bakinta ya kama, akwai wuta.

Ranar da nawa bawul ɗin ya fara huci, miƙo mini ita ya yi, masu gadi uku suna kallo.

Na ce, "Ni? Da gemuna? Ko a gida ban san inda take kwana ba."

Ya ce, "Don girman Allah, direba, karɓi. Tsintsiya ana sayen wata."

Kada ka karɓa. Dariyar masu gadi ba ta warkewa.

5. Miƙa hannu

Ka ce, "Ni da hannuna nake gane yoyo." Na dama za ka miƙa, mai canja giya, mai kai loma baki. Ka yi taku uku. Ba za ka ga komai ba, wallahi ko hayaƙi. Ji kawai za ka yi.

A kula: duk abin da ya biyo baya, ba ruwana, ba ruwan gemuna, wanda dama babu shi yanzu. Tankar tana hannun wani direba, har ya sauya mini kujera. Wannan ma ba ni na rubuta ba, ina faɗa ne uwargida tana rubutawa, don hannun yana cikin bandeji wata na biyu, kuma likita ya ƙi kallon idona in na yi zancen komawa canja giya. Ta ce in ƙara da cewa ta kai ziyara ta ga tsintsiyar. Tana nan jingine a bango, ko tsinke ɗaya bai ƙone ba.