Ranar da Sarkin Tsirkiya Ya Shiga Mikisa

Duk mai son ya ga yadda baiwa take, ya zo Malali ranar Lahadi ya nemi Ezra. Ba sai an yi masa kwatancen coci ba, kunnensa ne zai kai shi har ƙofa. Daga Litinin zuwa Juma'a Ezra ma'aikaci ne kamar kowa, yana buga hatimi a wani ofishi yana jiran a tashi. Amma da ya rataya jita, sai ya koma Sarkin Tsirkiya. Shi ya naɗa kansa, shi ya fara yi wa kansa mubaya'a, mu kuma muka bi don a zauna lafiya.

Sarki ba ya rasa fada. Fadar Ezra wani tsohon amplifaya ne baƙi, akwatin ƙara sautin jita, mai girman buhun masara, wanda matasa suka laƙaba wa suna Bijimi. Mazauninsa daidai ƙeyar mata mawaƙa. Akwai wata baiwar Allah da ta yi shekaru tana waƙa a gabansa, yanzu in ka tambaye ta lafiyar yara sai ta gaya maka farashin tumatir.

Can baya kuwa akwai Bitrus, mai kula da mikisa, wato allon nan mai maɓallai da duk wata murya take bi kafin ta fita ta lasifika. Makirufon fasto a hannunsa yake, na mawaƙa a hannunsa, na mai sanarwa ma haka. Bijimi kaɗai ne ba ya bi ta nan, da bakinsa yake magana. Ƙara in ta yi yawa, Bitrus ya miƙe yana ɗaga hannu yana roƙon a rage. Ezra kuwa, da yake mutum ne mai girmama masoyansa, sai ya gyaɗa masa kai ya ƙara murɗawa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ana haka Mama Magajiya, shugabar Zumuntar Mata, ta kai ƙara gaban dattawan ikilisiya. Ta ce matanta sun gaji da motsa baki kamar kifi. Dattawa suka yanke hukunci: ranar bikin godiya na kaka, in ba a ji muryar mata ba, Ezra ya sauka, a miƙa jita ga Caleb, wani yaro cikin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, da kamun jita uku kacal ya iya, amma yana kaɗa su a hankali kamar mai tsoron tada jariri.

Kada a yi wa Ezra ƙarya, abin ya taɓa shi ƙwarai. Ba shi da abin da yake so a duniya kamar ɗan gurbin nan na gefen bagadi. A ofis ba wanda ya san sunansa sai in ana neman hatimi. A coci ne kawai ake juyowa a kalle shi, ko da kuwa harara ce. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki, sannan ya gano bakin zaren, ya kira matarsa Deborah ya yi mata bayani.

"Maman Blessing, mutanen nan ba su san ciwonsu ba. Suna cewa ƙara, ƙara. Ba ƙara ba ce. Kunnensu ne ya gaji da tsohon sauti. Hannu irin nawa a ce ta bakin Bijimi yake fita? Ai an zalunce ni, an zalunce su."

Deborah ta ce to, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Magani ya iso daga Legas ta tashar Mando: wata 'yar na'ura da ba ta fi faranti ba, mai fitilu ja da kore, wadda ake kira feda don da ƙafa ake taka ta. Ezra ya rungumo ta a cinya cikin keke har gida, ya hana a ajiye ta ƙasa, abin da aka ƙera don a taka.

Ranar Asabar da yamma, lokacin gwajin waƙa, ya tsayar da kowa. Ya shimfiɗa tawul, ya ɗora feda, ya gyara murya.

"'Yan'uwa, abin da kuke gani nan ba kayan wasa ba ne. A cikin cikinsa akwai muryar manyan amplifayoyin duniya, sun fi yatsun hannu da na ƙafa. In na taka nan, kuna Landan. In na taka nan, kuna Amurka. Zamanin ɗaukar amplifaya a ka ya wuce. Manya yanzu daga feda sai mikisa, kai tsaye, babu ɗan aike a tsakani. A fitar mini da wannan gawar."

Gawar ita ce Bijimi. Mata huɗu suka taso da kansu, ba su jira maza ba, suka kai shi ɗakin ajiya. Ezra ya ce ka ga yadda ilimi yake shiga mutane nan take.

Sannan ya ja doguwar waya har baya, ya miƙa wa Bitrus.

"Riƙe da hannu biyu. Ba a taɓa ba ka amana irin wannan ba."

Bitrus ya juya wayar, ya dube ta. "Yallaɓai, wato yanzu duk sautinka ta wurina zai bi?"

"Duk. Ko ɗigo ba zai fita ta wani wuri ba."

"Kai kuma ta ina za ka ji kanka?"

Ezra ya yi dariyar tausayi, ya zaro iyafis, abin sauraron nan na sawa a kunne, daga aljihu, ya jona a jikin feda, ya toshe kunnuwansa biyu. "Ta nan. Ni daga tushe nake sha, ku ne kuke jiran famfo."

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Aka fara gwaji. Bitrus ya ɗora yatsa a kan maɓallin jita, ya ja shi ƙasa kaɗan, ya leƙa. Sarki yana can ido rufe yana girgiza kai. Ya ƙara ja. Sarki bai motsa ba. Bitrus ya mayar da maɓallin inda yake, ya tafi ya raɗa wa Mama Magajiya magana a kunne. Ba wanda ya ji abin da ya ce, amma an ga ta ɗaga ido sama tana motsa leɓe.

Ranar biki coci ya cika har waje. Doya, masara, kaji da kabewa sun taru gaban bagadi. Mata suka fito cikin anko, da tulunansu na kiɗa da kacau-kacau. Ezra ya shigo da kwat mai ƙyalli da takalmi mai tsini, wanda ya ce shi ne ya dace da taka feda. Caleb yana zaune a layin gaba, ya ɗora hannu a gwiwa, yana jiran gado.

Aka ɗauki waƙa. Ezra ya taka Landan. Jita ta yi tsawa, kaza ɗaya ta tsinke igiya. Mama Magajiya, da take gaba tana jagorantar waƙa da hannu, ba ta ko juya ba. Ta dai sauke tafin hagunta ƙasa a hankali, kamar mai lallashin yaro ya zauna. Daga can baya, Bitrus ya bi tafin da yatsansa a kan maɓallin jita. Tafi ya sauka, maɓalli ya sauka. Tafi ya ƙara sauka. Da maɓalli ya kai ƙarshe, Bitrus ya naɗe hannu a ƙirji, ya jingina.

Sai ga muryar mata ta tashi, tas, da tulu yana amsawa a ƙasa. Jama'a suka dubi juna. Ashe waƙar nan da muka yi shekaru muna gyaɗa mata kai tana da kalmomi, har da baiti na uku mai sa hawaye. Tsofaffi suka miƙe. Wani dattijo ya cire tabarau yana share ido.

Ezra ya buɗe ido ɗaya ya ga mutane tsaye suna kuka. A cikin kunnensa kuwa duniya ce take tsagewa, shi kaɗai a filin wasa. Ya ce yau sun gane. Ya taka Amurka. Ya lanƙwasa baya, ya cije leɓe, yatsunsa suna gudu a wuyan jita. Da aka zo baiti na uku ya zube a kan gwiwoyinsa, ya ɗaga fuska sama, gumi yana zuba, yana murza tsirkiya kamar zai cire ta. Na kusa da shi sun ce sun ɗan ji wani ƙis-ƙis, kamar ɓera a cikin kwali.

Bayan sujada dattawa ba su ɓata lokaci ba. Suka ce an ji mata, Ezra ya ci gaba da riƙe gurbinsa, da sharaɗi ɗaya: feda ta zauna din-din-din, Bijimi kuma kada ya sake ganin rana. Caleb ya tashi ya koma layin kwaya. Mama Magajiya ta kama hannun Ezra da hannu biyu, ta ce, "Ɗana, tun da kake kaɗa jita ba ka taɓa yi mana alheri irin na yau ba." Shugabannin mawaƙa da suka zo baƙunta daga Unguwar Shanu suka kewaye shi, kowa yana tambayar inda ake samun na'urar, wai su ma suna da mai jita. Ezra ya yi musu alkawarin horo kyauta, ya ce ilimi ba na mutum ɗaya ba ne.

A hanyar gida yana tafe yana rungume da feda, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Abu ɗaya ya rage masa, yabon cikin gida.

"Maman Blessing, faɗi gaskiya, kada ki ji kunya. Wane wuri ne ya fi ratsa ki? Na san dai inda na durƙusa ne."

Deborah ta gyara ɗaurin kallabinta. "Ya ratsa ni kam. Na daɗe ban ga ka yi haka a gaban jama'a ba."

"Kin ji yadda na ja tsirkiyar nan ta sama?"

Ta tsaya, ta dube shi da mamaki na tsakani da Allah.

"Au, kiɗa kake yi? Ni na ɗauka addu'a ce, Baban Blessing. Har amin na ce maka."