Nauyin Rahoton Yallaɓai Sikeli

Ba za a ce Yallaɓai ba shi da kirki ba. Ranar da Iya mai shara ta zo kwashe kayan marigayi mijinta, tsohon masinjan ofishin ƙididdiga, shi da hannunsa ya miƙa mata kwali fanko. Har ya tsaya ya yi mata bayanin kaurinsa, wai mai ninki uku ne. Ta yi godiya, ta sa masa albarka. Har yau in sun haɗu yakan tambayi lafiyar kwalin.

Mutum ne mai ilimi, Allah ya ƙara. In an ba shi takarda ba ya karantawa sai ya ɗora ta a tafin hannu ya ji nauyinta tukuna. Shi ya sa ma'aikata ke ce masa Sikeli, a bayan ido dai.

Da darakta ya yi ritaya, aka ce wanda ya burge a taron shekara shi zai hau kujerar. Sikeli ya zaɓi aikin da ya dace da girmansa: kwatanta nauyin takarda da kwalin da ƙasarsu ke fitarwa waje da na ƙasar maƙwabta. Wata uku injin buga takarda bai huta ba. Iya ma haka, kullum kwando huɗu take kwashewa daga ƙarƙashin teburinsa. Rahoton ya fito kwafi ɗari uku, kowanne da hotonsa a bango, ya yi tagumi irin na masu zurfin tunani.

Ranar taro Iya na daga baya tana raba ruwa. Sikeli ya gyara babbar riga, ya gyara murya.

"Jama'a, alƙaluma ba sa ƙarya, musamman nawa. Bana mun ninka maƙwabtanmu a nauyi. Su je su yi haƙuri."

Aka tafa. Sai wata dattijuwa mai tabarau, baƙuwa daga ofishin ƙididdigar maƙwabtan, ta ɗaga hannu a hankali.

"Yallaɓai, sannu da ƙoƙari. Na duba shafi na casa'in. Abin da kuke fitarwan ai tsohuwar takarda ce da yagaggun kwalaye. Mu muke saye, mu jiƙa, mu mayar da ita sabuwa, mu sayar muku. Wannan ma da ka buga a kai tamu ce, na gane ta."

Sikeli ya ɗora rahoton a tafin hannu kamar yadda ya saba, ya ɗan jinjina, ya ajiye. Iya ta zuba masa ruwa, don ta ga leɓensa ya bushe.

Kujerar ta tafi wajen mataimakiyarsa, wadda rahotonta shafi biyu ne.

Bayan kwana uku ya kira Iya ofis, ya tura ƙofa. Rahotannin na jibge a kusurwa, sun kusa taɓa fanka.

"Iya, mai sayen tsohuwar takardan nan yana zuwa har yanzu?"

"Duk Laraba, Yallaɓai, in Allah ya kai mu."

"To ki ba shi duka. Ko ba komai, za su ƙara wa ƙasa nauyi a lissafin baɗi." Ya sassauta murya. "Sai dai don Allah ki ciccire bangon. Ba na so mutanen nan su jiƙa mini fuska."