Layar da Ta Faɗo Daga Ɗankwalina

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin nan ba, kuma ko na so in manta, matan majami'armu ba za su bari ba. Har yau idan na shiga da ɗaurin ɗankwali sai na ga ana leƙen ƙeyata. To, ku leƙa da kyau. Gara ma in ba da labarin da bakina, don masu yawo da shi a Damagaram kullum sai sun yanke wurin da ya fi muhimmanci.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, na daɗe da alli a hannu. A majami'a kuma ni ce shugabar zumuntar mata, ni ke ba da waƙa, ni ke koyar da Dokoki Goma. Kowa Madam yake ce mini, har Fasto. Ido kuwa Allah ya ba ni shi. Wadda ta makara na gan ta, wadda zanenta bai kai idon sawu ba na gan ta, wadda ta yi gyangyaɗi ana wa'azi ita ma tana cikin kaina. (A lokacin ina ji a raina da allunan Musa za su ɓata, wurina za a zo a kwafa.)

A wurinmu idan mutum ya yi babban laifi, dattawa kan sa shi horo. Benci ne guda can baya, bakin ƙofa, inda iskar panka ba ta kaiwa. Nan za ka zauna wata uku, ba ka waƙa, ba ka cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa tare, duk wanda ya shigo kai zai fara gani. Bakina ya taimaka an kai mutane bencin nan, kuma ko gezau ban taɓa yi ba.

Sai ga raɗe-raɗi a lakwal, wai sabon anspekta, wato sufeton makarantu, zai kwashe mu tsofaffin malamai ya watsa ƙauyuka. Ni da gidana, da hawan jinina, da kujerata ta gaba a majami'a! Na yi addu'a kwana uku, sai na ga kamar amsar tana jan ƙafa. Wata abokiyar aikina ta raɗa mini cewa akwai wani mai duba a cikin Birni, in ya ɗaure mutum a wuri ko gwamna bai isa ya ɗaga shi ba. Na ce mata, "Allah ya kiyaye, ni?" Ranar Alhamis sai ga ni a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu.

Tun daga unguwar Zango na sauka, na lulluɓe da mayafi har hanci, na ƙarasa da ƙafa cikin rairayi ina zufa. Mutumin ya tambayi sunana, da na mahaifiyata, da na anspekta. Na ba shi duka, har da gyara masa yadda ake faɗi (malanta ba ta barin mutum ko a ɗakin duba). Bayan mako na koma, ya miƙo mini 'yar laya ɗinke da jar fata, ya ce kada ta rabu da kaina.

Ina fitowa zaure muka yi kiciɓis da Rahila. 'Yar zumuntarmu ce, ita ke kaɗa mana tulu in muna waƙa, tana toya ƙosai a unguwar Kara-Kara tun da mijinta ya rasu. Tana riƙe da kwanon kunu, ashe goggonta ce matar gidan, tana kwance ba lafiya. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuna, ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu, Madam." Ta shige ciki da kwanonta.

Kwana biyu ina juya maganar Rahila a raina. Na auna ta da irin halina, na ce yarinyar nan sai ta faɗa. Sai na riga ta. Na je wurin dattawa da fuskar tausayi, na ce na bi ta Birni kai gyaran jaka wurin dukawa, na ga Rahila ta fito daga ɗakin mai duba da ƙunshi a hannu. Aka kira ta. Ta ce ta je gidan, gaskiya ne, goggonta ta kai wa kunu. To amma maganar mai ƙosai da ta Madam, wa za a ɗauka? Da Fasto ya ce ko tana da abin ƙarawa, sai ta ɗago ta dube ni. Na shirya tsaf in yi rantsuwa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu, Baba."

Haka Rahila ta koma bencin baya. Ni kuma a makon nan doka ta tara na koyar, wadda ta hana shaidar zur. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

An yi wata biyu a haka, sai Lahadin godiyar kaka ta zo. Majami'a ta cika, an jera dammunan gero a gaba, mu mata mun fito da anko. Na yi wani ɗauri mai hawa biyu, layata tana lafe a cikin naɗin. Na ɗaga waƙa, mata suka amsa, daɗi ya kwashe ni na shiga juyi kamar 'yar shekara ashirin. A juyi na uku ɗankwalin ya ce ga garinku. Layar ta yi tsalle, ta gangara, ta tsaya daidai ƙafar Baba Ishaya, dattijon da ya fi kowa tsufa a cikinmu.

Kiɗa ya mutu. Baba Ishaya ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya ɗaga ta sama ya ce, "Ta wace ce wannan?"

Mu wajen ashirin ne muke rawa a wurin, ba wanda ya ga daga inda ta fito. Kun san abin da ya faru? Duk majami'a ta juya baya, tana kallon Rahila. Matar da take zaune nesa da mu kamar daga nan zuwa bakin titi! Ni ma na juya tare da su, har da girgiza kai.

Sai Rahila ta miƙe. Ta tako a hankali har gaba, ta miƙa hannu ta ce, "Ku ba ni, Baba, ku ɗauka tawa ce. Ni da ma a baya nake, ba inda za a ƙara tura ni."

Na so in ce muku a nan ne zuciyata ta karye na faɗi ina kuka. Ƙarya ne. Ajiyar zuciya na yi, na ce a raina na sha. Har na fara waige-waigen inda ɗankwalina ya faɗi.

Abin da na manta shi ne Baba Ishaya ya yi karatun allo yana yaro, yana karanta ajami kamar ruwa. Ya dubi Rahila ya ce, "Tsaya tukuna, 'yata." Ya zaro reza daga aljihu, ya farke fatar, ya warware takardar, ya gyara tabarau. Fasto kuma, don neman lada, ya matso masa da makirfo. Tsohon nan ya karanto sunana, da na mahaifiyata, da na anspekta, yadda na gyara su ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙarasa da cewa, "Kada a ɗaga ta daga Damagaram."

Wayyo ni. Da ƙasa ta buɗe da na yi mata godiya. Wata daga cikin mata ta ce, "Madam?" da wata irin murya, ta nanata har sau uku kamar mai kiran wanda ya suma. Ina tsaye kai ba ɗankwali, ga kitson da ya kwana biyu, ga caki a hannuna ban san ma ina riƙe da shi ba. Fasto ya tambaye ni maganar da na kai a kan Rahila. Na ce ƙarya na yi. Ba jarumta ba ce, hanyar gudu ce ta ƙare.

Aka ba ni bencin baya, aka karɓe shugabanci. Mutane suka fara lissafin ranar da zan tattara in koma wata majami'a, ko in ce ciwon ƙafa ya hana ni fita. Sun makaro. Lahadin da ta biyo na ɗauko atamfata mafi tsada, na riga kowa zuwa, na zauna daram a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo na gaishe shi da sunansa. Na yi laifin, zan zauna, amma ba zan ɓuya don wani ya ji daɗi ba.

Ana shirin farawa sai na ji an zauna kusa da ni. Rahila ce, wadda aka wanke, aka mayar wa tulunta a gaba. Ta miƙo mini mafici ta ce, "Riƙe, Yaya, nan panka ba ta zuwa. Kuma ki matsa nan gefen, can akwai ƙusa."

Na ce, "Rahila, me ya sa ba ki tona ni ba tun farko?"

Ta ce, "Na ga tsoro a idonki ran nan. Na san shi."

Na ce, "To ai ban nemi gafararki ba tukuna."

Ta ce, "Ni ma ban nema ba Almasihu ya mutu domina. Yi shiru, an fara addu'a."

A nan ne kukan ya zo, irin mai majina, ba irin na shugabar mata ba. Na san Dokoki Goma tun ina 'yar ƙarama, kuma daidai suke, ba su yi mini ƙarya ba, sun nuna ni sarai yadda nake. Amma ba su taɓa miƙo mini mafici ba. Wata ukun nan cur, kowace Lahadi in ta gama kiɗa sai ta dawo baya ta zauna da ni.

Ranar da aka mayar da ni teburin Jibi, na ji ƙus-ƙus a bayana. Wai an yi mini sauƙi, wai ban cancanta ba. Wata ma ta tare ni a ƙofa ta ce ita da ita ce kunya ba za ta bar ta ta miƙa hannu ba. Na ce mata, "Maman Dauda, gaskiyarki, ban cancanta ba. Da can da nake ganin na cancanta, laya ce a kaina." Na miƙa hannun nan biyu na karɓa, kuma gobe ma zan karɓa. Wanda abin ya dame shi ya kai ƙara wurin Mai teburin.

Canjin wurin aiki kuwa, daga baya na ji ko sunana ba a taɓa sawa a takardar ba. Yanzu Rahila ce shugabar zumunta, ni ina layi na uku ina amshi. Idon nan nawa har yau yana nan, yana ganin wadda ta makara da wadda ta yi gyangyaɗi. Sai dai kafin bakina ya buɗe, sai in kai hannu in taɓa ɗankwalina.