Yadda Oga Liƙau Ya Sasanta Ofishinmu

Da na dawo daga karatu, ban yarda taron bita na iya haɗa kan masu zana manhaja da masu gina ta ba. Na zauna a irinsa a can, ciwon kai kawai na kwaso. Amma fa a lokacin ban san Oga Liƙau ba.

Mutum ne mai baiwa. Bai taɓa zana shafi ba, bai taɓa gina komai ba, shi ya sa yake hango kuskuren kowa sarai. Duk bangon da ya tsaya kusa da shi, kafin ƙiftawar ido ya lulluɓe shi da 'yan takardu masu danƙo. Nan ya samo sunan.

Manhajar kama layin ganin likita ce za a miƙa wa wani asibiti ranar Litinin, in an saɓa, aikin ya koma hannun wani kamfani. Masu zane suna son maɓallin "Aika" ya sauko ƙasan shafi, masu gini sun ce taɓa shi zai rushe musu aikin mako biyu. Har gaisuwa ta fara wuya. Sai aka gayyato gwani.

Da shigarsa ya sa aka kwashe kujeru, wai tunani ba ya ziyartar mai zaune.

"'Yan'uwa, ba maɓalli ne ciwonku ba," in ji shi. "Ba ku san Anti ba ne."

Ya zana mace a allo, ya kira ta Anti, ya ba ta shekara hamsin, ciwon gwiwa da tsohuwar waya. Aka yini a tsaye ana nazarin abin da ke ran Anti. Matar da ke share ofis, mai shekara hamsin da gwiwar da ke ciwo da gaske, ta leƙo ta ce ita dai rubutun ne ya yi mata ƙanana.

Ya yi mata murmushin manya. "Mama, bari mu gama da masu amfani da manhajar tukuna."

Rana ta biyu aka yi zaɓe. Kowa ya samu ɗigo uku na takarda mai danƙo da zai liƙa wa shawarar da ta yi masa. Shi ya ba kansa bakwai, saboda gogewa. Shawarar da ta lashe ita ce a sauya wa taron suna. Ana ga yaƙi, Oga yana ga ƙura.

Safiya ta uku, shugabar masu zane da babban mai gini suka shigo tare suna dariya. An daidaita kan maɓalli, har an ƙara wa rubutu girma. Oga Liƙau ya dafa ƙirji, ya juya don a ɗauke shi hoto da bangonsa.

"Ni ban yi komai ba," ya ce. "Zukata kawai na buɗe."

Na ja babban mai gini gefe. "Yaya, don Allah wane darasi ne ya yi aiki haka?"

"Darasi? Jiya da za mu tashi ya ce mana, ni da shugabar masu zane, in ba mu shirya ba, zai ƙara mana kwana uku. Kafin mu gama sauka daga matakala muka shirya."