Gwaggo Ta Rasu Tana Jiran Kasko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda muka taɓa yi wa allon shago rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar shagonmu na yankan sitika, wadda take zaune a kan teburin bakin taga tun ina rarrafe. Na rubuta rasuwa ne don haka Yaya ya ce a rubuta. Ni dai har yanzu da nake wannan rubutu fankarta tana juyawa.

Marigayiyar 'yar gidan Yuniks ce, wato sunan tsarin kwamfutar da take aiki da shi ke nan. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban san asalinsu ba, amma Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce gidan mutunci ne, ba su da surutu, ba sa kuma barin kowa ya faɗo musu ba sallama. Wani ofishin masu zanen gine-gine ne ya tashi ya bar ta, Baba ya turo ta a baro tare da wani ƙaramin akwatin ƙarfe marar fuska. Shi ya raɗa mata Gwaggo, wai tun da ƙanwarsa ta yi aure bai ƙara samun mai gyara masa kuskure ba tare da gori ba sai ita.

Ba kyakkyawa ba ce, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Ruwan toka ce, ga nauyi kamar buhun siminti. Amma tana da hali. Duk cutar da ta zaga layinmu ta kwantar da kwamfutocin mutane, ita ko atishawa. Kowace safiya sai ta tambaye ni sunana kamar ba ta taɓa ganina ba, ta tambayi kalmar sirri, sannan ta yi ƙirr, ƙirr, tik, ta buɗe. Wannan tik ɗin shi ne karin kumallona. Da ita muke fitar da haruffan da Baba ya zana da hannunsa, har da R ɗin nan mai doguwar ƙafa da kuke gani a allon mai aski da na shagon magani.

Dole in faɗi abu biyu kafin in zo kan jinya, don masu ta'aziyya su san inda za su dube ni.

Na farko, kafin Baba ya cika ya tara mu a gaban Umma, ni da Yaya. Ya ce shago na Auta ne, wato ni, muddin Gwaggo tana aiki. Ranar da ta daina, in miƙa wa Yaya makulli ba gardama, shi ne mai iyali. Yaya kuwa ya daɗe yana cewa layinmu ba abin da ya rasa sai mai sayar da ƙanƙara, kuma soket ɗin shagonmu yana da ƙarfi.

Na biyu, ƙaramin akwatin nan. A ƙarƙashin tebur yake zaune, wata waya ta fito daga bayansa ta shiga bayan Gwaggo. Iska mai ɗumi yake fitarwa, Baba kuma yana da sanyin ƙafa, kullum ƙafafunsa na kai. Shi ya sa ake ce masa Kasko. Ni duk zatona aikinsa ke nan, ɗumama ƙafa. Bayan rasuwar Baba ban taɓa kashe shi ba, don kunya. Ni ma sai na riƙa ɗora tawa ƙafar.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da na tafi kafa allo a ƙarshen layi. Na dawo na tarar Yaya ya share mini shago. Yaya fa, wanda ko kwanon da ya ci abinci sai an zo an ɗauke a gabansa. Ya share, ya goge, har yanar gizo ya sauke. Na zauna na miƙa ƙafa, sai na ji siminti, ba Kasko. Ya ce ai tarkace ne ya kwashe ya ba ɗan gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, wai wannan akwatin wuta kawai yake sha a banza. Na ce masa na gode, don yayana ne. A ƙasa kuma na ga an ja layi da alli. Ya ce allin maganin tururuwa ne. To, ni dai ban taɓa ganin tururuwar da ke tafiya kusurwa huɗu daidai faɗin firiza ba, amma ban yi karatu ba, mai yiwuwa akwai.

Tun a yammacin nan Gwaggo ta ƙame. Kibiyar maus tana yawo, amma duk abin da na taɓa ba ya motsi. Na kashe na kunna. Ta daɗe kafin ta farfaɗo, ta tambayi sunana, na ba ta. Ta tambayi kalmar sirri, na ba ta. Ba ta ce shigo ba, ba ta ce koma ba. Ƙirr ɗaya ta yi, tik bai zo ba. Da na gwada rubuta kalmar ba daidai ba da gangan, nan take ta kore ni. Wato tana cikin hayyacinta, ta san ni, buɗewar ce ta gagara. Wannan ya fi yi mini ciwo.

Ba irin jinyar da ban yi ba. Na duba ko maɓallin manyan baƙaƙe ne ya maƙale. Na aro kibod. Na hure mata ƙura, na juyo mata fankar shago ni ina gumi, na danna kowace waya a mazauninta, har da wadda ke reto ba komai a bakinta, na naɗe ta da kyau na rataye a ƙusa.

Washegari da sassafe sai ga Yaya da abokinsa mai gyaran waya, wai sun zo duba marar lafiya. Ina so a rubuta a ajiye cewa a lokacin ban gaya wa kowa ba ta da lafiya ba. Mai gyaran bai ko zuge jakar kayan aikinsa ba. Ya ƙwanƙwasa mata kai da ɗan yatsa, ya kara kunne, ya ce ƙwaƙwalwa ta ƙone, sai haƙuri. Yana yi mini ta'aziyya idonsa na kan soket.

Allah ne ya kawo Malama, mai koyar da kwamfuta a kwaleji, ta zo karɓar allon ƙofar ofishinta da ban iya gamawa ba. Ta gan ni na yi tagumi, ta ce in matsa. Ta kashe Gwaggo ta kunna, ta danna wasu maɓallai, ta shiga ta ƙofar baya, ta mai gida, wadda ta ce ana kira rut. Fuska ta yi baƙi, rubutu fari. Ta duba ciki ta ce bai cika ba, da sauran wuri. Ta duba zuciya ta ce ta fi tata lafiya. Ta ce ba wanda ya canza mini kalmar sirri. Sannan ta nuna mini wani layi ɗaya da yake ta maimaita kansa daga sama har ƙasa, ta fassara mini. Ga kalaman marigayiya na ƙarshe, kuma har yanzu su take yi:

"Kasko bai amsa ba. Ina nan ina jira."

Malama ta juyo ta tambaye ni wane ne kuma Kasko. Ashe Baba har a ciki sunan da ya sa masa ke nan. Sai da na fita waje na wanke fuska kafin na iya ba ta amsa.

Ta yi mini bayani a hankali. Ɗakina, wato inda ake ajiye duk aikina, da haruffan Baba, da abin zanen da ke ba injin yanka umarni, duk a cikin Kasko suke zaune. Gwaggo mai tsaron ƙofa ce. Ta karɓi sunana, ta juya za ta buɗe mini ɗaki, ta tarar an ɗauke ɗakin. 'Yan gidansu kuma, in ji Malama, ba su iya fid da rai ba, haka za ta tsaya har a ɗauke wuta. Shekara da shekaru ina ɗora ƙafa a kan gadon ubana ban sani ba.

Ko Yaya ya sani? Ban ce ba. Abin da na sani kawai, shi ya riga ni zama kusa da Baba yana koyon aikin nan kafin ya bari, kuma duk ranar da waya ta zare, shi Baba yake turawa ƙarƙashin tebur ya mayar. Mutum yana iya mantawa. Ni ma ina mantuwa. Haka kuma firizar da na gani a zauren gidanmu an lulluɓe da zanen gado, an ce ta maƙwabta ce aka kawo ajiya, kuma na yarda, duk da maƙwabtan da na tambaya ba su san suna da ita ba.

Umma ta saurare mu duka. Ta ce maganar Baba ba a yi mata kwaskwarima, injin da ba ya yanka ya mutu, ranar Asabar in ba da makulli. Amma ta ce Auta ne zai zaɓi inda za a kai gawa. Da take faɗin haka ba ni take kallo ba.

Marigayiya ta bar injin yanka, wanda bai ci komai ba tun ranar. Ta bar maus, da kibod da harafin A ya goge, da allon Malama rabi da rabi, da ni. Ta kuma bar ɗan uwanta Kasko, wanda mai aski ya shaida mini jiya cewa ya ga an ɗora shi a amalanken ɗan gwangwan na bayan tasha. Na je. Tulin ƙarfen ya fi katanga tsawo. Mutumin ya ce bai fasa komai ba tukuna, in tona in ina iyawa, amma motar da ke kwashe tulin za ta zo Asabar da la'asar.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Za a ɗauki Gwaggo daga shago ranar Asabar da hantsi, a baron da ya kawo ta. Yaya ya ce in huta, shi zai kai ta da kansa wurin wani ɗan gwangwan daban, mafi kusa. Na gode masa, na ce na bayan tasha nake so. Ana roƙon masu rakiya kada su sa fararen kaya. Ku zo da tsofaffin riguna, da takalmi mai rufi, da safar hannu in akwai. Mai doguwar wayar wuta ya taimaka da ita. Malama ta ce za ta zo. Wanda ake nema ruwan toka ne, ba fuska, a samansa akwai wuri biyu da fenti ya goge, daidai dugadugan mutum.

Makulli yana aljihuna. In an tono Kasko an haɗa shi da Gwaggo ba ta ce komai ba, ko mota ta riga mu, a nan zan miƙa wa Yaya a gaban kowa, in bar ta a kan tulin kusa da ɗan uwanta. In kuwa kuka ji tik, kada kowa ya watse, baro zai yi nauyi a dawowa.

Yaya, kai ma ka zo. Kai ka ɗauke shi, ka fi kowa sanin kamanninsa.

Mai sanarwa, a madadin iyali,
Auta mai sitika.